Don Allah masana lissafi ku warware min wannan HCF ɗin

Salam 'yan uwa, taimako nake nema. Ƙanwata tana JSS 1 nan Tudun Wada Kaduna, jiya ta dawo da aikin gida wai a nemo HCF, wato babbar lambar da za ta raba lambobi biyu ba saura, kuma lambobin masu bin juna ne. Na zauna da ita bayan isha'i, 14 da 15 muka samu 1, 20 da 21 shi ma 1, har 99 da 100 na gwada duk 1 ne, sai ta ce Yaya me ya sa kullum 1 ke fitowa, wallahi nan na tsaya.

Wani abokina ya ce duk lambar da ta raba biyun dole ta raba bambancin da ke tsakaninsu, tunda bambancin 1 ne shi ke nan. To na yarda, 14 da 16 bambanci 2 kuma HCF 2, amma 15 da 17 fa? Bambancinsu 2 ne amma 1 nake samu, ina na kuskure? So nake in gane dalilin sosai ba hadda ba, don ranar Litinin za ta kai aikin.