Addu'a da Asibiti: Shawarwari daga Zumuntar Mata a Zuru

Da aka tayar da maganar taɓin hankali a zumuntar mata, bakinmu ya zo ɗaya: a yi addu'a, a kuma kai mara lafiya asibiti. Wata dattijuwa ta tuna mana annabi Iliya, da ya roƙi mutuwa a jeji, mala'ika ya fara ba shi abinci da ruwa. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta ce kada a sa mutum ya bar magani don an ga sauƙi bayan azumi, domin ciwon yakan dawo. Ɗaure mutum da mari kuwa, abin da ya fi damuna ke nan, zalunci ne. Wanda ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A garzaya asibiti mafi kusa, ko asibitin masu taɓin hankali na Kware a jihar Sakkwato.