Shawarwarin mazauna Phoenix ga mai shirin komawa can da zama

A tattaunawar da aka yi da waɗanda suka daɗe a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, maganar ruwa ce ta fi cin lokaci. Sun ce duk mai son sayen gida a sababbin unguwannin bayan gari ya fara bincika inda ruwan unguwar yake fitowa, domin a farkon 2023 mazauna Rio Verde Foothills, wata unguwar bayan gari a yankin Phoenix, sun wayi gari birnin Scottsdale da ke maƙwabtaka da su ya daina sayar wa tankokin da ke kai musu ruwa.

Batun zafi kuwa babu wanda ya yi musu a kansa. A bazarar 2023 an yi kwana 31 a jere zafin yana kaiwa digiri 43 na ma'aunin Celsius ko fiye, kuma gundumar Maricopa, wadda Phoenix ke cikinta, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a shekarar. Saboda haka suka ce a gyara na'urar sanyaya ɗaki tun kafin watan Mayu, a guji gidan da manyan tagoginsa ke kallon yamma, mai son hawan dutsen Camelback kuma ya fita da asuba.

Jirgin ƙasan cikin gari, wanda ya fara aiki a 2008, yana da amfani, sai dai bai isa yawancin unguwanni ba, don haka mota ta zama dole.