Sarewa ga mai ƙananan hannaye: abin da aka tattauna

An tattauna kan irin sarewar da ta fi dacewa da mai ƙananan hannaye. Maganar ta yi tsawo, don haka na tattaro muhimman abubuwan da aka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda a fara duba tsawo. Doguwar sarewa muryarta da kauri, amma ramukanta sun yi nisa da juna. Gajera ta fi sauƙin kamu, ko da muryarta siririya ce.

2. Faɗin rami ma abin lura ne, kuma nan aka fi daɗewa. Siririn yatsa ba ya toshe babban rami sosai, sai iska ta riƙa zurarewa, sauti ya fito a shaƙe. Gwajin da aka bayar ya burge ni: ka toshe ramukan duka, ka ɗaga hannu, ka duba fatar yatsunka. In shatin ramin bai zagaye cif ba, akwai kafa.

3. An rabu kan riƙo. Wasu sun ce a kwantar da yatsu a toshe da tsakiyarsu, yadda masu busa sarewar bansuri ta Indiya ke yi da dogaye. Wasu sun ce wannan yana wahalar da ɗan koyo, gara ya soma da gajera.

4. An ambaci sarewar shakuhachi ta Japan, mai ramuka 5 da tsawon kusan santimita 54, kuma akwai gajerunta. Wasu masu ƙira sukan karkatar da ramin ƙasa don yatsa ya kai.

Ba a yi saɓani kan ciwo ba: in wuyan hannu ya fara zafi bayan 'yan mintoci, a sauya sarewa.