Har yanzu ana rubuta littafin jagora na manhaja, ko yayinsa ya wuce?

Sabuwar Hannu:
Assalamu alaikum. Ni ce ke rubuta bayanin amfani da manhajar lissafi da muke haɗawa a wurin aiki. Na saba yin sa PDF guda, babi-babi, tun daga saka manhajar har fitar da rahoto. Yanzu masu rubuta kod sun ce in daina, wai babu mai buɗewa. Ga shi kuma suna yawan sauya fuskar manhajar, kafin in gama ɗaukar hotuna sun tsufa. Abin na damuna, don na san akwai masu buƙatar bayanin nan. Waɗanda suka daɗe a harkar, ina aka dosa?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, Malama. Bayanin yana nan, mazauninsa ne ke ta sauyawa. Lokacin da na fara aiki, WinHelp ake yayi, wato shafin taimako na Windows wanda ke buɗewa in an danna maɓallin F1. A 1997 Microsoft ta fito da magajinsa, HTML Help mai fayil ɗin .chm, Windows Vista kuwa ba ta ma zo da WinHelp ba.

Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne halin mai karatu. Ba ya farawa daga babi na ɗaya. Saƙon kuskure zai fito masa yana tsakiyar aiki, ya kwafe shi ya zuba a Google, ya faɗo tsakiyar shafinki, ransa a ɓace. In ya tarar da “kamar yadda muka gani a babin baya”, ya tafi ke nan. Don haka kowane shafi ya tsaya da ƙafarsa: aiki ɗaya, matakansa, da abin da zai gani in ya yi daidai. Ki sa saƙon kuskuren harafi da harafi yadda yake fitowa, da shi za a nemo ki. Tun shekarun 1980 wani masani, John Carroll, ya lura a binciken da ya yi a kamfanin IBM cewa masu koyo tsallake karatu suke yi su kama gwaji. Tsarin rubuta bayanan fasaha na DITA ma, da ƙungiyar tsara ƙa’idoji ta OASIS ta amince da shi a 2005, a kan gutsuttsuran bayani masu zaman kansu aka gina shi.

Mai Kod:
Ƙari a kan maganar Malam: ki koyi Markdown (hanya mai sauƙi ta tsara rubutu da ’yan alamomi) da Git (manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod), ki ajiye rubutunki inda kod yake. Duk wanda ya sauya maɓalli, a nemi ya taɓa bayaninsa kafin a karɓi gyaran. Hotuna kuma ki rage su. Sannan ki nemi a ba ki rubutun cikin manhajar kanta. “An samu kuskure” ba ya taimakon kowa, amma “Kwanan watan ya wuce, zaɓi na yau ko na gaba” ya raba mutum da neman taimako.

Mai Amsa Ƙorafi:
Ni dai ban yarda a yar da PDF ba. Kullum ina magana da masu aiki inda intanet ke yankewa, da masu son bugawa a takarda su ajiye gefen kwamfuta. Manhajar Pandoc na iya fitar da PDF daga Markdown ɗin nan, ba sai an yi aiki biyu ba. Su ma mataimakan AI da ake liƙa wa manhajoji yanzu, daga shafukanki za su ɗebo amsa. In shafin ya tsufa, tsohuwar amsa za su bayar ba tare da ko ɗar ba, ƙorafin kuma a kaina yake sauka.

Sabuwar Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Mai Amsa Ƙorafi, in na karɓi jerin tambayoyin da aka fi yi wa sashenmu na ƙorafi, na fara farfasa littafin daga nan, ya yi?