Injin da ake cewa yana ba da wuta kyauta: gaskiya ne ko damfara?

Maman Yara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar wuta ku ba ni shawara. Ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo a gida, firiza biyu gare ni, kuma tunda zafi ya shigo kuɗin kati da na fetur suke neman cinye mini riba. Ƙanena ya turo mini wani bidiyo daga Facebook: mutum ya manna mayen ƙarfe a jikin 'yar fanka, ya murza ta da yatsa, ta yi ta juyawa, ƙwan lantarki uku suka kama. Ya ce babban injin yana ɗaukar firiza, ba fetur, ba rana, ba NEPA. Na yi wa mutumin bidiyon magana ta WhatsApp, ya ce naira 85,000 ne, in tura 30,000 kafin alƙalami, sauran sai kaya sun iso Kwangila. Wai guda huɗu suka rage, in ban tura yau ba shi ke nan. Kuɗin adashena ne, shi ya sa na ce sai na tambaya.

Mai Wayarin, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don girman Allah kada ki tura ko kwabo. Aikin wuta nake ci da shi, kuma ina gaya miki wannan injin babu shi. Gaskiya ne akwai mayen ƙarfe a cikin janareta, amma ba shi ke haifar da ƙarfin ba, sai an sami abin da zai riƙa juya shi. A janaretanki fetur ne ke juyawa. A Kainji da Jebba da Shiroro ruwa ne. Kina kashe fetur wuta ta ɗauke, ai kin sha gani. Fankar bidiyon nan kuwa, ko dai akwai batir a ɓoye a ƙarƙashin katakon, ko siririyar waya da kyamara ba ta nuna miki ba. Ki sake kallo, za ki ga ba ya ɗaga abin ya juya shi a ga bayansa.

Kuma ki duba maganarsa. Mai kayan gaskiya yana da shago, za ki je ki ɗora masa firiza ki gani da idonki. Shi wannan me ya sa yake azalzalar ki da "yau ko a rasa"? So yake kada ki samu lokacin yin irin tambayar da kika yi yanzu.

Akwai ƙanin wannan injin ma, ɗan akwatin nan da ake sa wa a soket wai yana rage cin yunit. Na buɗe irinsa, kafasita ce kawai da 'yar koriyar fitila. Mitar gida tana ƙirga abin da kayanki suka ci ne, akwatin ba ya rage komai.

Ɗalibi, Samaru:
Ni kuma abin da ya addabi ɗalibai a nan shi ne masu cewa ka turo 5,000 su ba ka katin wuta na 20,000. Lambobi 20 ɗin nan da ake dannawa an ɗaure su da mita ɗaya tak, kuma sau ɗaya suke shiga. Za su turo maka lambobin banza, mita ta ƙi karɓa, ka kira ka ji waya a kashe.

Inna, Gyallesu:
'Yata, ki kuma kula da saƙon nan mai yawo wai gwamnati na rabon sola kyauta, a danna a cike suna. Maƙwabciyata ta cike, suka nemi BVN, suka ce ta karanto lambar da banki ya turo mata. Tana karantowa suka kwashe abin da ke asusun, kuɗin makarantar marayunta ne. Har yau in na tuna kukanta raina ɓaci yake. Wannan lambar ko ma'aikacin banki ba a ba shi. Wanda ya riga ya bayar, ya kira bankinsa nan take a rufe asusun.

Maman Yara, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ce wa mai injin ya ba ni adireshi in turo maigidana ya gwada, sai ya ce kamfaninsu ba ya karɓar baƙi. Ban tura ba. To Malam mai wayarin, sola fa? Za ta iya da firiza?

Mai Wayarin, Sabon Gari:
Za ta iya, Hajiya, sai dai da kuɗinta, batir da inbata (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida) su ne masu tsada. Faifai mai wat 300 in rana ta yi kyau yana ba da kusan yunit ɗaya da rabi a wuni, lokacin hunturu ƙura ta rage shi in ba a gogewa. Firiza kuma in za ta tashi tana fizgar wuta fiye da abin da take ci tana tafe, don haka ƙaramar inbata ba za ta ɗauka ba. Ki duba takardar da ke manne a bayan kowace firiza, ki rubuto mini abin da aka sa a wurin, sai mu yi lissafi mu ga ko za ki fara da guda ɗaya tukuna.