Bukmak: alama ce ko ajiya?

Jama'a, ku zo mu kashe wata magana. Ɗan tauraron nan da ake dannawa a gefen adireshin shafi a Chrome ko Firefox, wanda ake kira bukmak, me za mu ce masa da Hausa? Na ji "ajiyar shafi", na ji "alamar shafi", akwai ma masu cewa "waɗanda na fi so", suna bin sunan da Internet Explorer ta raɗa masa. Wannan na ƙarshen mu sallame shi tun yanzu. Shafin biyan haraji ma na sa masa tauraro, kuma Allah ya sani ba ƙaunarsa nake yi ba.

Ni ina bayan "alamar shafi", ba kuma don ta fi daɗi a baki ba. Tauraron nan ba ya riƙe komai sai adireshi da sunan shafin. Rubutun kansa yana can hannun mai shi. Ranar da ya goge, ko ya daina biyan kuɗin shafin, alamarka tana nan daram, amma kango take nunawa. Na taɓa sa wa wani dogon bayani kan gyaran batirin kwamfuta tauraro, na tafi hankali kwance wai na ajiye. Bayan shekara biyu batirina ya fara kumbura, na koma da gudu, sai lambar 404, mai nuna babu shafin, ta tarbe ni. Kalmar ajiya ce ta yaudare ni. Ai wanda ka ba ajiya shi kake tambaya, ni kuwa ban ba kowa komai ba.

Wani malami a nan ya kawo "matuni". Malam, kalmar ta yi kyau, sai dai manhajojin da ke buga maka ƙararrawa kan alƙawari sun fi cancantarta. Bukmak ba ya tuna maka da komai, kai ne ma kake mantawa da shi.

Ajiya kuwa mu bar wa masu ita: manhajojin da ke kwafe rubutun su riƙe maka, ka karanta daga baya ko da babu intanet, irin su Instapaper da ta fito a 2008. Waɗannan su ne "ma'ajiyar karatu". Su ma ɗin a bi su a hankali. Pocket ta fara a 2007, Mozilla mai Firefox ta saye ta a 2017, aka rufe ta a watan Yulin 2025. Omnivore ta riga ta tafiya a 2024. Saboda haka kafin ka zuba wa wata manhaja karatun shekaru, fara duba ko tana da ƙofar fitar da kaya, kuma a wane irin fayil za ta miƙo maka su.

Inda muka fi jan zare shi ne rukuni na uku, su Obsidian da Notion da Evernote, inda mutum ke tara abin da ya sani yana ɗaure wannan da wancan. An kawo "rumbun ilimi", amma rumbu ya riga ya tafi ga rumbun adana bayanai, kada mu sa kalma ɗaya aikin mutum biyu. "Taska" kuma tana warin abin da aka kulle aka manta. Ni "kundin sani" na zaɓa, don kundi abu ne da ka rubuta da hannunka, yana kauri kana girma. Niklas Luhmann, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya bar 'yan katuna kusan 90,000 a akwatunan katako, kowanne da lambarsa, wannan yana tura ka ga wancan. Ba adireshi ya tara ba, tunaninsa ya tara. In ba ka yin rubutu da kanka, to ba kundi kake nema ba, alama ta ishe ka, kada ka wahalar da kanka da koyon sabuwar manhaja. In kuwa kana yi, ka san cewa Obsidian tana barin rubutunka a cikin na'urarka a matsayin fayilolin rubutu zalla, Notion kuma a kwamfutocin kamfaninta take riƙe shi.

Wata manhaja mai suna Raindrop ce ta so ta rikita mana rabon, don alama take yi, amma wanda ya biya tana riƙe masa kwafin shafin. Ba laifi, a ce mata alama mai ajiya.

Saura ɗaya da ta gagare ni. 'Yan kalmomin nan da ake liƙa wa alama don a gano ta daga baya, waɗanda shafin tara alamomi mai suna Delicious ya yayata tun 2003, laƙabi za mu ce ko tambari? Ni laƙabi nake ji, tunda shafi ɗaya kan ɗauki uku ko huɗu, amma ina sauraron masu tambari.