PDF ko shafin intanet, wanne ya taɓa ba ku wahala?

Mai kafe, Gusau:
Jama'a ina son jin naku. Wani yaro ya shigo shagona yana cika baki wai zamanin PDF ya wuce, komai shafin intanet zai koma. Na ce to bismilla, buga fom ɗinka kai tsaye daga burauza. Abu mai shafi ɗaya ya fito uku, tebur ya rabe biyu, wurin sa hannu ya koma takardar ƙarshe shi kaɗai, ga janareta na shan mai.

Malama, Argungu:
Ni kam ina bayan yaron nan. Ku masu firinta ne, mu da waya muke karatu. In an turo darasi a PDF sai ka zuƙo, ka ja dama ka ja hagu a kowane layi har ido ya yi ja, shi ko shafin intanet rubutun bin faɗin wayarka yake yi.

Ɗalibi, Kaura Namoda:
Malama ba ki zauna Zamfara ba a Satumbar 2021 da anka yanke sabis. Wallahi duk adireshin shafukan da na adana ba su tsinana mini komai ba, littattafan da na sauke a PDF su munka riƙa tura wa juna ta Xender muna karatu.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi:
Ai tun asali aikinsu daban. Kamfanin Adobe sun fitar da PDF a 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, har salon haruffan ana iya cusawa cikin fayil ɗin, a 2008 ya zama ma'aunin ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya. HTML kuma, yaren da ake gina shafin intanet da shi, an yi shi ne ya miƙe ya lanƙwashe. Da CSS, mai tsara kamannin shafi, ana iya gaya mashi girman A4 da inda shafi zai yanke, na gwada, ya yi kyau a Chrome, na buɗe a wata burauzar layuka sun ɗan goce.

Ma'aikaci, Yauri:
Na ga sunana a jerin wani ofis da daddare, da safe babu shi, an gyara shafin. Da na sauke ai da ina da abin nunawa.

Malama, Argungu:
PDF ɗin ma ana gyara shi fa yallaɓai.

Mai kafe, Gusau:
Ana yi Malama, amma na cikin wayarka ba mai taɓa maka shi. Yaron dai na caje shi kuɗin takarda uku.